Firjin Bayan Gulbi

Shekara guda bayan an fara Shari'a a jiharmu aka kira ni ofis aka ce an ƙara mini aiki. Lokacin ina ma'aikaciyar rigakafi a Kaura Namoda, na daɗe ina yi wa yara allura, tun muna ƙarƙashin Sakkwato. Sabon aikin shi ne in riƙe jadawalin wani babban shiri na gwamnati. Za a kafa firji mai aiki da hasken rana a ƙananan ɗakunan shan magani na ƙasar Kaura da Shinkafi da Zurmi, domin maganin rigakafi ya riƙa zama a ƙauye, a daina jigilarsa daga gari. Ni ba injiniya ba ce, ko wayar rediyo ta tsinke ban iya haɗawa ba. Nawa shi ne in tsara garin da za a fara da wanda zai biyo baya, in sanar da mutane rana, in tabbatar an shirya ɗaki da rufi kafin masu haɗawa su iso.

Na yi murna ƙwarai, don na san wahalar da firjin zai raba mu da ita. Maganin rigakafi ba ya son zafi. Kwalaben suna zuwa da ɗan tambari a jiki, fari a tsakiya, da zobe mai duhu a kewaye. Duk zafin da kwalba ta sha sai farin nan ya rage haske, in ya yi duhu daidai da zoben, magani ya mutu, sai zubarwa. Mu kuwa daga sitonmu na Kaura muke ɗaukarsa cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, mu shiga hanya muna addu'a mu riga rana isa.

A takarda ta farko da hedikwatar shirin ta aiko, an ce kaya za su iso farkon bazara, a gama komai kafin ruwa ya sauka. Na samo babban kwali, na ja layuka da rula, na rubuta sunayen garuruwa da jan biro. Garin da na sa a sama shi ne wani ƙauye can gaba da Zurmi, bayan gulbi. Shi ne mafi nisa, shi ne kuma inda magani ya fi lalace mana a hanya. Ga rugagen Fulani kewaye da shi, waɗanda yaransu da yawa ba su taɓa ganin allura ba.

Mai kula da ɗakin shan maganin ƙauyen wani dattijo ne da ya kusa ritaya. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka, shi kuma ɗiyata yake ce mini. Da na kai masa labari ya ɗaga kai yana duban rufin ɗakinsa, wanda na azara da ƙasa ne. Na ce masa hedikwata ta ce sai an yi rufin kwano mai ƙarfi, don a kansa za a ɗaura farantan da ke karɓar hasken rana.

"To, ɗiyata, in dai rufi na, bar mini wannan," in ji shi.

Bai jira kowa ba. Ya je wajen hakimi, ya yi magana a masallaci bayan Juma'a, mutanen gari suka yi gayya. Bayan mako uku na koma na tarar da kwano yana ƙyalli, an shafe ɗaki da farar ƙasa, har ya sa an yi ɗan dakali inda firjin zai zauna don kada ruwan shara ya taɓa ƙasansa.

Kaya sun iso, amma rabi. Firji da batura suka zo a babbar mota, aka sauke a sitonmu. Farantan kuwa aka ce suna can tashar jiragen ruwa, akwai wata takarda da ba a sa wa hannu ba. Shugaban sashenmu, wanda muke ce wa Yallaɓai, mutum ne mai haƙuri da ba ya ɗaga murya. Ya kira ni ya ce, "Malama, ki ɗan matsa da ranakun gaba, mako biyu."

Na matsa. Bayan mako biyu ya ce in ƙara uku. Na juya kwalin na ja sababbin layuka a bayansa. Lokacin babu wayar hannu a wajenmu, saboda haka duk ranar da ta canja sai na rubuta wasiƙu da hannu, in bi tasha ina ba direbobi da 'yan kasuwa masu zuwa cin kasuwannin ƙauye. Wasu wasiƙun su isa, wasu su kwana a aljihun direba har ranar da aka soke ta wuce. Sau biyu wani ma'aikaci daga ƙasar Shinkafi yana share ɗaki, ya sa a yi tuwo don baƙi, ya zauna bakin hanya har la'asar ba kowa. Da ya zo Kaura bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, in Allah ya sa an sa wata rana, in bari sai motar ta taso kafin in aiko.

Farantan ba su iso ba sai tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Tare da su aka turo injiniya ɗaya tak na ƙananan hukumomin uku. Mutum ne siriri mai yawan shiru, daga can kudancin ƙasa, Hausarsa kaɗan ce amma yana ƙoƙari. Ranar da ya zo ya tsaya gaban kwalina, ya sa yatsa a kan suna na farko ya tambaya ko mota tana zuwa.

Ba ta zuwa. Gulbi ya kawo, sai a kwalekwale ake haye shi, daga nan kuma laka ce har cikin gari. Firji ba abin ɗorawa a kan jaki ba ne. An kuma ba injiniyan kwanaki ƙidayayyu a yankinmu kafin a ɗauke shi zuwa wani. Yallaɓai ya ce ni ce mai jadawali, in duba abin da ya fi.

Na daɗe zaune da fensir a hannu, don zuwa lokacin na daina amfani da biro. Idan na ce a jira gulbi ya janye, kwanakin injiniya za su ƙare ba a kafa ko ɗaya ba. Idan na ce a fara da na bakin kwalta, za a samu wasu, amma waɗanda suka fi bukata su ne za su koma ƙarshe. Na goge ƙauyen Baba daga sama na mai da shi can ƙasa. Ba wanda ya tilasta ni, da hannuna na yi. Na sa masa rana a cikin kaka, mako guda bayanta kuma na sa ranar da za a yi wa yara allura daga sabon firji. Na rubuta masa wasiƙa mai tsawo ina bayani, na rufe da cewa wannan karon ranar tabbatacciya ce in Allah ya yarda. Har yau ina tuna na ja layi a ƙarƙashin kalmar tabbatacciya.

An kafa uku a bakin hanya, suka yi aiki, muka yi ta murna. A na huɗu ne injiniya ya haɗa komai, firji ya ƙi tashi. Ya canja batir, ya ƙi. Ya dawo sito ya bi baturan ɗaya bayan ɗaya da ɗan ma'auninsa mai allura, ina tsaye ina riƙe masa takarda. Yawancinsu sun mutu. Ya ce batir irin wannan ba a barinsa watanni a ajiye cikin zafi ba caji, mu kuwa tun bazara suke jibge ƙarƙashin kwano. Ba wanda ya faɗa mana. Na ɗauko takardun da suka zo da kayan na sake karantawa tun daga farko, ko ni ce na tsallake wani layi. Ban ga komai ba, amma hakan bai sa na ji sauƙi ba.

Yallaɓai ya rubuta wa hedikwata. Amsa ta zo cewa za a nemi kamfanin da aka ba kwangila ya sake kawo wasu, amma kafin nan 'yan baturan da suka rage a kai su wani asibiti da ke bakin kwalta a ƙasar Shinkafi, don can manya za su zo bikin ƙaddamar da shirin. Na sake goge ranar Baba. Wannan karon ban sami wata rana da zan rubuta a gurbinta ba, sai na bar wurin fili.

Wasiƙar da na aika masa a kan haka ta isa gare shi, don kwana huɗu bayan haka sai ga shi da kansa a ofis, ya sha hanya, ƙafar wandonsa duk laka busasshiya. Na ba shi kujera da ruwa. Ya sha, ya yi hamdala, sannan ya ce:

"Ɗiyata, batun firji na ji, wannan sai haƙuri. Amma ranar allura fa? Na tahi ruga wajen Arɗo har sau uku kahin ya yarda. Sun so su tashi su yi kudu da shanu tun makon jiya, ni na roƙe su su dakata. Na ce musu mace za ta taho ta yi wa ɗiyansu, shi ya sa matan sunka yarda. Mi za ni ce musu yanzu?"

Na san abin da yake nufi. In suka tashi, ba za a sake ganinsu ba sai ruwa ya sauka, a tsakanin nan kuma akwai bazara, lokacin da baƙon dauro yake bin yara. Na ce masa ya koma ya bar ranar yadda take. Zan zo da magani a akwatin sanyi kamar yadda muka saba, gulbi ma ai ya fara janyewa. Ya yi mini addu'a mai tsawo ya tafi.

Ranar ta faɗo ana jajibirin bikin Shinkafi. Motar ofis da duk ma'aikatanmu maza suna can ana kafa rumfuna. A Kaura kuma kwana biyu ke nan ba wuta, injin sito yana tashi yana mutuwa. Da na buɗe firjinmu da sassafe na ga ƙanƙarar cikin robobi rabi-rabi ce, in ka girgiza robar sai ka ji ruwa yana motsi. Tambarin kwalaben ya riga ya fara dusashewa amma bai kai na zubarwa ba. Na zaɓi waɗanda suka fi haske, na jera, na naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, na nufi tasha.

Zuwa Zurmi ban sha wahala ba, da hantsi na isa. Daga nan ne matsala. A da kabu-kabu nake hawa, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ina bakin gulbi. Amma tun da aka fara sabon tsarin Shari'a mata sun daina hawan babur na haya, sai mota. Motar da ke bin wannan hanya kuwa ɗaya ce, tsohuwar a-kori-kura, ba ta tashi sai ta cika, kuma ranar ba ranar kasuwa ba ce. Na samu inuwar wata rumfa na zauna, akwati a tsakanin ƙafafuna.

Wani ɗan kabu-kabu da ya san ni, magidanci mai 'ya'ya da na sha yi wa allura, ya zo ya gaishe ni. Da ya ji inda za ni ya ce, "Hajiya, ki ba ni akwatin in wuce da shi, in kai ma Baba. Ke kya iske shi can."

Na dubi akwatin na dubi mutumin. Dokar aikinmu ita ce magani ba ya barin hannun ma'aikacin da ya sa hannu ya karɓa. Na yi tunanin in ya faɗi a hanya kwalabe suka fashe, ko ya buɗe ya leƙa, ko labari ya kai ofis a daidai lokacin da manya suke gari. Na ce masa na gode, motar ta kusa cika. Ya ce to, ya ja babur ɗinsa ya koma layi. Motar ba ta tashi ba sai bayan azahar. A hanya kuma ta tsaya sau biyu ana zuba mata ruwa.

La'asar ta yi lokacin da na haye gulbi. Tun daga nesa na hango su ƙarƙashin wata babbar tsamiya gaban ɗakin shan magani, mata zaune a kan tabarmi da ƙasa, da goyo da na hannu, ƙoren nononsu a jere ba komai ciki. Baba ya ce tun da safe suke nan. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya tafasa ruwa, ya jera auduga. Na shiga ɗaki na ajiye akwatin a kan dakalin nan, don shi ne wuri mafi tsabta, na buɗe. Robobin ƙanƙara sun koma ruwa mai ɗumi. Na ɗaga kwalba ta farko wajen taga. Na ɗaga ta biyu. Na bi su duka, har waɗanda na san ba su da bambanci. Baba yana tsaye bayana yana dubawa, don shi ma ya iya karanta tambarin.

Can ya ce a hankali, "Ko ɗaya?"

Na ce, "Ko ɗaya, Baba."

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in yi musu haka nan. Ba wanda zai sani. Za su tafi da farin ciki, Baba ya fita kunyar Arɗo, ni ma in rubuta a rahoto cewa an yi. Amma na san ruwa kawai zan tsira wa yaran, uwayensu su tafi suna zaton an kare su. Na rufe akwatin.

Ni na fita na faɗa musu, Baba yana mayar da abin da na ce da Fillanci ga waɗanda ba su ji sosai ba. Na ce maganin ya sha zafi a hanya ya lalace, laifin ba nasu ba ne, ba na Baba ba ne. Ba wadda ta yi hayaniya. Suka fara gyara goyo suna ɗaukar ƙorai. Wata dattijuwa a cikinsu, mai jan zane da zobba a kunne, ta matso kusa da ni riƙe da hannun jikarta. Na gaishe ta na ce, "Inna, ki yi haƙuri."

Ta ce da Hausarta mai nauyi, "Haƙuri akwai. Amma ki faɗa min gaskiya, gobe za ki dawo? In gobe ne, zan sa su tsaya."

Na yi lissafin goben. Ba wuta a Kaura, ba ƙanƙara, ba mota, kowa yana wajen biki. Jibi ma ban sani ba. Na riga na ba mutane ranaku da yawa a shekarar nan, ban iya ƙara mata wata ba.

Na ce, "Inna, ban sani ba. Kada ki tsai da su saboda ni."

Ta gyaɗa kai, ta ja yarinyar suka bi sauran. Kwana biyu bayan haka rugagen suka tashi.

An yi biki a Shinkafi, aka ce ya yi kyau. Ban je ba, na ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi sosai ba. Aka ɗauke injiniya zuwa wani yanki. Kafin ya tafi ya zo ya yi mini sallama, ya bar mini takarda da ya rubuta da hannu, yadda za a adana sababbin batura in sun zo babu shi. Duk wata sai Yallaɓai ya aika tuni hedikwata, duk wata sai a amsa cewa ana kan magana da kamfani. Sau biyu aka canja shugaban shirin, kowane sabo kuma sai ya nemi a aiko masa da sabon jadawali cikin mako guda. Ina zanawa ina aikawa, ina sa ranakun da ni kaina ban yarda da su ba, don an ce ba a karɓar jadawali mai gurbi a fili. Abin da na daina shi ne aika ranakun ƙauyuka. In ma'aikaci ya tambaye ni sai in ce in ya ga mota a ƙofarsa to ranar ce.

Da bazara baƙon dauro ya shigo wasu ƙauyuka, muka yi ta fama. Da na haɗu da Baba a taron wata na tambaye shi labarin mutanen Arɗo. Ya ce wani mai sayen shanu ya gaya masa cutar ta taɓa wasu rugage can kudu, amma bai san ko nasu ba ne. Na ce ya ƙara bincika mini. Ya ce zai yi. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya sake tambaya ba, har yau kuma ban sani ba. Abin da na sani shi ne na sha komawa tashar Zurmi a zuciyata, ina miƙa wa ɗan kabu-kabun nan akwati. Wata rana in ga ya isa da shi lafiya kafin azahar, wata rana in ga ko da ya kai tambarin ya riga ya yi duhu.

Sababbin batura sun zo bayan an sake yin wata damina. Wani injiniya daban aka turo, da rani, gulbi ya bushe har mota ta bi ta cikin yashi. Lokacin Baba ya yi wata biyar da ritaya, ya koma garinsu wajen Kasuwar Daji yana noma. Wanda ya gaje shi sabon ɗauka ne daga makarantar koyon aikin lafiya, bai san tarihin komai ba. Aikin haɗawar bai wuce rabin yini ba. Kafin la'asar firji ya ɗauki sanyi, matan gari suna leƙowa ta taga.

Muna shirin tafiya sabon ma'aikacin ya biyo ni bakin mota da littafi a hannu. Ya ce, "Hajiya, in ya samu matsala wa zan sanar?"

Na juya ga injiniya. Ya ce shi kwangilarsa ta kafawa ce, gyara ba ya ciki. Na tuna duk takardun shirin da na karanta, ban tuna inda aka yi maganar gyara ba. Na ce wa ma'aikacin ya riƙa goge farantan duk mako, kada ya bari kowa ya sa ruwan sha a ciki, in wani abu ya faru ya rubuto mini Kaura.

"Sai ke ki turo mai gyara?" ya tambaya.

Na ce, "Sai in rubuta wa na sama."

Ya rubuta hakan a littafinsa da kyau, ya ce ya gode. Direba ya tayar da mota, don yana so mu haye yashi tun da sauran rana.